Toron talotalona ya tashi da dalma a jiki, ku ba ni shawara

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan wannan abu yana cina a rai. Uwargida ta ji labarin har ta haddace, jiya ta ce don Allah in nemi masu irin haukata in ba su, ko ta samu ta yi barci.

A jihar Mizuri ta Amurka nake zaune, tuƙin babbar mota nake yi, kuma bana ce shekarata ta biyu a farautar talotalon daji. Wani dattijon Bature da muke aiki tare ne ya sa ni a hanya, mutumin tsaunukan Ozak ne, tun yana yaro yake bin tsuntsun nan. Bara na cinye makonni ukun da ake ba mu ban ko ɗaga bindiga ba. Cara kawai nake ji daga nesa, in dawo gida da kaska a ƙwauri. Na faɗi wannan ne don ku san irin yunwar da na shiga daji da ita bana.

Ranar Laraba, kwana na uku da buɗe farauta, na shiga dajin gwamnati na Mark Twain ni kaɗai, dattijon nawa ciwon gwiwa ya hana shi fita. Na yi asuba a gefen mota, na taka kamar rabin awa, na zauna na jingina da wata ƙatuwar bishiya a bakin wani ɗan fili, na kafa macen talotalo ta roba a gabana. Gari na fara wayewa toro ya yi cara daga bishiyar da ya kwana, can ƙasan gangare. Na goga akwatin kira, mai kwaikwayon kukan macen talotalo, a hankali, ya amsa har sau biyu. Da ya sauko sai na jiyo matan gaske sun kewaye shi, daga nan shiru. Wa zai bar na hannu ya bi murya?

Wajen ƙarfe tara har na fara gyangyaɗi, sai na ji wani sauti kamar an tofar da yawu sannan an taɓa ganga daga nesa. Na ɗaga ido, ga shi a ɗaya bakin filin. Ya kumbura, ya baje wutsiya kamar faifai, fukafukai suna sharar ƙasa, kai fari fat, wuya ja wur, gemu yana reto a ƙirji. Mace ɗaya tana kiwo kusa da shi. Jama'a, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a daji ba.

Ya ƙi matsowa. Ya yi taku biyar dama, ya juya, biyar hagu. Bindiga tana kan gwiwata fiye da minti ashirin, ƙafar hagu ta mutu, zuciya kamar za ta faso riga. A ido na ƙiyasta yadi 38, in ya yi yawa 40. Sai macen ta kama hanyar kurmi, shi ma ya juya zai bi ta, bai gama sauke wutsiya ba, kai har yanzu a noƙe. Na ce a raina, yau ma in ga samu in ga rashi? Na yi bisimilla na danna kunama.

Ya faɗi ya yi birgima, gashi ya tashi sama. Na miƙe ina kabbara, ban ko sake ɗana bindiga ba. Kafin in yi taku uku da matacciyar ƙafata ya miƙe, ya ruga yana ɗingishi, ya buɗe fukafukai ya bi gangaren ƙasa-ƙasa, ƙafa ɗaya tana lilo. Ita wannan ƙafar nake gani duk lokacin da na rufe ido.

Da na ƙirga daga gindin bishiyata zuwa inda ya faɗi, taku 53 na samu, kuma takuna ya kusa yadi. Na tarar da gashin fiffike da na ƙirji, da ɗigon jini uku a kan busasshen ganye. Na bi kwazazzabon nan sama da ƙasa, duk wani tarin itace da gindin kurmi na leƙa, har na iso bishiyoyin da aka shafa wa fenti shunayya. Ga wanda bai sani ba, a Mizuri wannan fenti daidai yake da allon hana shiga, gonar wani ce. Dokar jihar ta ce wanda ya raunata dabba ya yi iya ƙoƙarinsa ya nemo ta, amma ba ta ba shi izinin tsallaka iyakar mutane ba. Na koma mota na ajiye bindiga, na zagaya ta titi na ƙwanƙwasa ƙofar mai gonar. Allah ya saka masa, ya sa takalmi muka yi ta nema har la'asar. Ko gashi ɗaya ba mu ƙara gani ba.

Bindigata mai watsa ƙwayoyi ce, geji 12 (ma'aunin faɗin bakinta), ta hannu na saya, da matsin bakin da ta zo da shi, wato abin da ke tattara ƙwayoyin. Harsashi mai inci 3, dalma lamba 5. Ban taɓa gwada ta a takarda ba. Sau ɗaya na harbi wani galan na roba, na ga ya yi raga-raga, na ce shi ke nan.

Wani yaro a wurin aiki ya ce matsalata harsashi ce, in sayi TSS, wani harsashi mai ƙwayoyin ƙarfen tungsten, wai da shi ko yadi 60 ne sai dai a je a ɗauko nama. Kwalin guda biyar ya haura dala 50. Kuɗin ba zai gagare ni ba in har shi ne maganin. Shi ne? Sannan idan toro ya kumbura ya ƙi ɗaga kai, ina ake saiti? Ta ƙarshe ita ta fi damuna. Toro biyu doka ta ba ni a kakar nan. Wannan bai zo hannu ba, ban sanar da hukuma shi ba, a takarda biyuna suna nan cur. In lissafa shi ko kuwa?

Kawu Sale:

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu. Duk wanda ya ce maka bai taɓa raunata tsuntsu ba, ko bai daɗe a harkar ba ko bai faɗi gaskiya ba. Ni nawa ya faru a shekarata ta huɗu a nan Pensilbeniya, yanzu ina ta goma sha tara, har yau na san gindin bishiyar. Neman da ka yi har la'asar da zuwa neman izini, wannan ka kyauta.

Amma ba zan ɓoye maka ba, kuskurenka tun ranar galan ɗin nan ya fara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ke kashe talotalo nan take abu biyu ne, ƙwaƙwalwa da ƙashin wuya. Ƙoƙon kansa bai fi goro babba ba, ƙashin wuyan kuma kaurin ɗan yatsa. Jan naman nan da fatar da kake gani, ƙwaya tana iya ratsa su ya yi tafiyarsa. Jikin kuwa sulke ne: fukafukai masu tauri a naɗe, gashi a kan gashi, ga tsokar ƙirji mai kauri. Ƙwayar dalma da ta yi tafiyar yadi 50 ta gaji, sai ta maƙale a tsoka, ko ta karya ƙafa, ko ta huda hanji. Irin wannan tsuntsu sau da yawa ba ya mutuwa a ranar. Sai ya kwana biyu uku a ƙarƙashin kurmi, in koyoti, dilan ƙasar nan, bai riga ya same shi ba.

Harsashinka, in mai oza ɗaya da kwata uku ne, ƙwaya wajen 300 ce a ciki, tunda lamba 5 kusan 170 ce a oza. Abin sani shi ne nawa suke isa inda goron nan yake. Nemi kwali mai faɗi, yadi ɗaya a kowane gefe ko fiye, ka yi ɗigo a tsakiya. Zauna a ƙasa yadda kake zama a daji, bindiga a kan gwiwa, ba a kan tebur ba. Harba a yadi 20, canza kwali, 30, canza, 40. Inda ƙwayoyi suka fi taruwa ka zana da'ira mai faɗin inci 10 ka ƙirga ramuka. Ma'aunin da yawancin maharba suke bi shi ne ɗari. Tazarar da ta kasa ba ka ɗari ta fi ƙarfin bindigarka, ko me aka rubuta a jikin kwalin harsashi. Ka kuma duba ko tsakiyar taron tana kan ɗigonka, don bindigogi da yawa suna karkata.

Maganar tazara, ba kai kaɗai ido ya yaudara ba. Toro da ya kumbura a buɗaɗɗen fili ya ninka girmansa, sai ka rantse yana kusa. Ni kafin in zauna nakan taka in soka ɗan kara a iyakata ta fuska uku. Bai tsallako kara ba, kallo ne nawa. Na'urar auna tazara ma tana yi, amma bishiyoyi za ka auna tun da wuri, ba tsuntsu ba, don idonsa yana ɗaukar kusan digiri 270 ba tare da ya juya kai ba, motsin hannu kaɗan ya ishe shi.

Ka tambayi inda ake saiti in ya kumbura. Ba a harbinsa a haka da bindigar ƙwayoyi. Wuyan ya lanƙwashe ya manne da jiki, rabin abin da kake nema ya ɓuya a gashi, kuma ko ka dace za ka cika ƙirjin da dalma ka ɓata naman. Yi masa “ƙyat” guda ɗaya mai kaifi da makirin baki, ɗan abin kiran da ake sawa a baki. Zai sauke gashi ya miƙe wuya ya duba. A nan ka ɗora saiti a inda gashi ya ƙare jan fata ta fara, ba a kan tsakar kai ba, don in ka nufi kan, rabin ƙwayoyin sama za su bi. Kana da kamar daƙiƙa biyu. In bai ɗaga ba, ko ya ba ka baya yana tafiya, bar shi, gobe ma yana nan.

Bayan harbi kuma ba a tashi da kabbara, Malam. Sake ɗana bindiga, ido a kansa. In ya ɗago kai, ƙara masa. In yana ta fuffuka ne kai a ƙasa, sa makullin bindiga ka je da sauri ka taka wuyan, ka kiyayi ƙaimin ƙafarsa, yana yanka. Da sauran rai ka yanka shi, wuƙarka ta kasance a wase tun daga gida. Hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a yi yanka a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, ni ina ganin gwajin kwalin nan shi ne wasa wuƙar mai bindiga.

Autan Teksas:

Kawu a gafarce ni, duk abin da kuka faɗa haka ne, amma kun tsallake tambayar TSS, kuma yaron nan na wurin aiki bai yi ƙarya ba. Yaya Baban Hanifa, ƙarfen tungsten ne, a girma ɗaya inda dalma take 11 da ɗoriya shi 18 ne. Shi ya sa ƙwaya lamba 9 ta TSS, ƙanƙanuwa kamar gero, take huda kusan yadda lamba 5 ta dalma take yi. Kuma a oza ɗaya wajen 360 ake samu. Wato harsashi mai nauyin naka zai ɗauki sama da 600 maimakon 300. Yanzu mutane da ƴar bindiga .410 suke kashe toro a yadi 40, abin da a da za a yi wa dariya.

In ana maganar tausayin tsuntsu ne, wanne ya fi tausayi, ƙwaya 25 a da'ira ko 150? Da TSS ne a bindigarka ranar Laraba, da yanzu hoto kake nuna mana. Mu nan ƙasarmu a buɗe take, talotalon Rio Grande yana hango ka tun daga nesa, ba kurmin da za ka ɓuya ya zo maka yadi 20. Bara na kayar da ɗaya a yadi 58, na auna da na'ura, ko shurawa bai yi ba. Harbi ɗaya ko biyu za ka yi a shekara, dala goma sha wani abu a kan tsuntsu ba asara ba ce.

Maganar lissafa wanda ya gudu kuma, ni dai ina ganin ka matsa wa kanka da yawa. Ka nema ba ka samu ba, doka ta sallame ka. Koyoti ma ai sai ya ci.

Kawu Sale:

Auta, lissafinka daidai ne, ni ma TSS ne a bindigata shekara huɗu ke nan. Amma na saye shi ne don in na ce 35 ashe 42 ne, ya rufa mini asiri. Mutumin da ya ga 53 ya ce 38, in ka gaya masa iyakarsa 60 ce, a nawa kake jin zai harba? Ga iska, tana tura taron ƙwayoyi gefe in tafiya ta yi nisa. Ga ƙananan rassa da ba ka gani a tsakani. Ga tsuntsun da zai iya taku ɗaya kana cikin jan kunama.

Akwai kuma ɗaya gefen da ba ku faɗa. Bakin da aka matse don yadi 60, a yadi 12 taron ƙwayoyinsa bai fi dunƙulen hannu ba. Ka kauce kaɗan ka yi harbin iska, ko mafi muni ka fasa masa baki ya tafi da shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a harbin nesa shi ne abin da ke bayan tsuntsun. Mu nan doka ta hana sanɗar talotalo a farautar Mayu, zama ake yi a kira shi, amma duk da haka wata shekara ina cikin kira na hango mutum yana rarrafe ya nufo talotalon robata. Ban ɗaga hannu ba, motsi ne ke jawo harbi. Murya na ɗaga na ce mutum ne a nan. Launin kan toro ja ne da fari da shuɗi, shi ya sa ko hankici mai waɗannan launuka ba a fitarwa a daji. Baban Hanifa a dajin gwamnati yake, ba shi kaɗai ya ji carar nan da asuba ba.

Zulai:

Sannunku Kawu, sannu Yaya Baban Hanifa. Ni ɗaliba ce, kula da namun daji nake karanta a Jojiya, ina fita da geji 20. Akwai wadda ba wanda ya tambayi lafiyarta a labarin nan: macen. Yaya, ka ce tana kiwo kusa da shi, kuma ita yake bi lokacin da ka harba. A yadi 53 ƙwayoyinka sun baje sosai. In tana gabansa ko bayansa a layi ɗaya, ita ma tana cikin ruwan.

A Afrilu mace tana cikin saka ƙwai, guda 10 zuwa 12 a ƙasa, ɗaya kusan kullum, sannan ta kwanta a kai kwana 28. Toro ɗaya yana wadatar mata da yawa, shi ya sa ake yarda a ɗauki maza a wannan lokaci. Mace ɗaya kuwa in ta mutu, duk sheƙar ce ta tafi. Haka nan kusan ɗaya cikin goma na mata suna da ɗan siririn gemu, kuma inda doka ta ce mai gemu, ta halatta su. Ni ba na harbinsu. Ina duba launin ƙirji da kai tukuna: na toro baƙi ne mai sheƙi, na mace ruwan ƙasa, kanta kuma toka-toka.

Tambayarka ta uku ita ta sa na yi magana. Jiharka a farkon shekarun 1950 talotalon da ya rage mata bai kai 2,500 ba, sare daji da harbin ba ji ba gani sun gama da su. An gwada kiwo a keji ana saki, bai yi ba, na keji ba ya rayuwa a daji. Sai da aka koma kama na dajin da raga mai harbawa ana kai su wasu wurare. Da aka sake buɗe farauta a 1960, kwana uku aka bayar, tsuntsu 94 aka kashe a jihar gaba ɗaya. A 2004 abin da aka sanar ya haura 60,000, a 2021 kuma bai kai 40,000 ba, don ƴan tsakin da ke rayuwa sun ragu, ba a Mizuri kaɗai ba, har nan kudu maso gabas.

Duk waɗannan alƙaluma na tsuntsayen da suka zo hannu ne. Naka na ranar Laraba ba ya cikin lissafin kowa, amma daji ya yi rashinsa. Auta ya yi gaskiya, ba wanda zai kama ka in ka kashe biyu nan gaba. Ni dai in na ga jini, na lissafa. Na taɓa yin haka a jihar da nake da izinin guda ɗaya, na naɗe kayana tun ranar farko, na ƙare kakar ina yi wa ƙawata kira. Ya yi ciwo, ba zan ce bai yi ba.

Baban Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi shiru ne don in yi aikin da Kawu ya ba ni kafin in sake buɗe baki.

Malama Zulai, tambayarki ta hana ni cin abincin dare. Na zauna na sake hasko wurin. Macen tana hagu da shi, ta riga shi da kamar taku huɗu, na kuma ga ta tashi lafiya ta bi ta saman bishiyoyi. Amma in gaya miki gaskiya, lokacin da na danna kunama ban san inda take ba. Sa'a ce kawai.

Ranar Lahadi na kwaso kwalayen firiji daga wurin aiki na tafi filin gwajin bindiga. Kawu, kunya ta kama ni ni kaɗai. A yadi 20 ramuka ba su ƙirguwa. A 30 na samu 112. A 40 na samu 63. Na ce bari in ga abin da na yi wa bawan Allah nan, na kai kwali yadi 53, na zana kai da wuya da alƙalami: 21 a cikin da'ira, biyu kacal a jikin zanen, ba ko ɗaya a kan ƙashi. Ga shi kuma taron gaba ɗaya yana sauka ƙasa da ɗigo da kamar tafin hannu, ya ɗan yi dama. Ashe ina nufin wuya, ƙirji da cinya nake aika wa wuta. Ƙafar nan mai lilo ta samu bayani. Harsashi tara na ƙona, kafaɗata ta yi baƙi, Hanifa ta tambaye ni wa ya doke ni.

Auta, ban ƙi taka ba. Zan sayi TSS bayan an rufe farauta, in sa saitin da ake gyarawa, in zauna da kwali a natse. Amma ba zan canza harsashi a tsakiyar farauta in koma daji da abin da ban gwada ba, haka na yi na farko. Bana iyakata yadi 30. Kuma na lissafa shi, saura ɗaya. Dattijon nawa da na gaya masa bai ce komai ba, sai ya miƙo mini tsohon makirin allo da yake amfani da shi. Yaron TSS kuwa ya ce na cika tsarki.

Jiya Talata na koma, wani tudu daban. Na soka karare uku. Ƙarfe takwas saura toro ya shigo da wani matashi, mai guntun gemu da gashin tsakiyar wutsiya da ya ɗara sauran tsawo. Sun tsallako kara, yadi 24 ko ƙasa da haka. Na yi “ƙyat” ɗin Kawu, kai biyu suka miƙe lokaci ɗaya, ɗaya a bayan ɗaya kamar an jera su, tazararsu ba ta kai kamu biyu ba. Saiti yana kan wuyan babban, yatsa a kan kunama. Na jira matashin ya matsa, ya ƙi. Babban ya yi wannan ƙarar tasu ta gargaɗi, ya karkaɗa fiffike, suka juya tare suka shige kurmi, kawunansu suna haɗuwa suna rabuwa a bayan rassa. Na sauke bindiga hannuna yana rawa. Na zauna har ƙarfe ɗaya da ake tashi a dajin gwamnati, ba wanda ya dawo.

Kawu, in biyu suka manne haka, akwai dabarar raba su, ko jira ne kawai? Asabar nake da hutu, ita ce ta kusa da ƙarshe. Karare suna bayan mota, na ɗaura musu koren zare don in riƙa ganinsu da duku-duku. Ba ja ba, na ji.